Mai jinyar da dangi suka juya wa baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan masu jinyar da dangi ke ƙyama, musamman 'yan daudu.

Maƙwabciyata dattijuwa ce, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita shekara 3 ke nan. 'Ya'yanta shida, amma ɗan daudun cikinsu, mai sayar da tuwo a bakin tasha, shi ke ɗauke da ita. Da asuba zai juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ya wanke ta, ya ba ta koko cokali-cokali, kafin ya je ya hura wuta. Kuɗin maganin hawan jini da na gashin ƙashi duk daga tukunyarsa suke fitowa.

Abin da ke ci mini rai, ba wanda ke karɓarsa. Yayyensa sukan zo gaisuwa ranar Juma'a, ko kallonsa ba sa yi. A asibiti aka taɓa kwaikwayon muryarsa ana dariya, tun daga ranar ya daina tambayar yadda ake shan magani. Na taɓa tarar da shi yana gyangyaɗi a tsaye, da kwanon wanki a hannu. Idan ya faɗi, wa zai ɗaga Inna?

Ina roƙon malamanmu su tuna wa irin waɗannan dangi hakkin zumunci, su riƙa karɓar jinyar ko da kwana ɗaya ne a mako.

Wassalam,
Wata mai karatu, Kano