Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga mai girma Gwamnan jihar Tahoua: a faɗa ma manomi abin da masana suka sani

Assalamu alaikum mai girma Gwamna, Allah ya ja zamaninka.

Ni malamin koleji ne a nan Tahoua, kimiyyar halittu da ƙasa nake koyarwa, kuma ɗan manomi ne daga yankin Keita, duk damana can nake komawa in kama hauya tare da ƙannena. Abin da ya sa na rubuto, wata magana ce da kawuna ya yi min muna zaune gindin bedi bayan la'asar, ya ce "ɗana, ku ƴan lekol kun dame mu da sauyin yanayi, to yaushe ne yanayi bai sauya ba?" Na yi shiru don wallahi tsohon yana da gaskiya, amma rabin gaskiyar ce, kuma ɗayan rabin babu wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mishi da Hausa.

Gaskiyarshi ita ce ƙasar nan ta sha sauyawa. Wanda ya bi hanyar Agadez zuwa Arlit ya tsaya Dabous zai ga raƙuman dawa waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa jikin dutse, babbar ta wuce mita 5, a wurin da yau ko akuya sai ta sha wuya. A Gobero cikin Tenere, a shekarar 2000 masu neman ƙasusuwan dabbobin zamanin da ne suka ci karo da maƙabarta, kaburbura wajen 200, ga ƙashin dorina da kada da giwan ruwa, wato bakin tabki mutanen suke zaune suna kamun kifi. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara ciyawa ce da tabkuna, tafkin Cadi na lokacin ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000. Kuma an san dalili: duniya tana juyawa ne tana ɗan lilo kamar katantanwar da yara ke murzawa, lilo ɗaya yana cin fiye da shekara 20,000, a wancan zamanin sai rana ta fi dukan arewacin duniya da bazara, ƙasa ta yi zafi ta jawo iskar damana daga teku har can cikin hamada. Da lilon ya juya, ruwa ya ja baya a hankali, jikan jika ma bai ga ƙarshen abin ba.

To wannan lilon ba shi ne ke aiki yanzu ba, nan ne nake so a tsaya. A Antatika, yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya, masana sun haƙo ƙanƙara mai zurfin kilomita 3, cikinta akwai ƴan kumfar iska da suka maƙale tun shekara 800,000, suka auna iskar kabon da ke ciki, a duk tsawon wannan zamani bata wuce kashi 300 cikin miliyan ba. Kafin zuwan masana'antu tana wajen 280. Da aka fara aunawa kullum a dutsen Mauna Lowa na Hawai a 1958 ta kai 315, yau ta haura 420, duk daga ƙona kwal da fetur da gas da sare daji. Iskar nan riƙe zafi take kamar bargo, kuma ba jiya aka gano ba, tun 1896 wani masani ɗan Suwidin mai suna Arrhenius ya yi lissafin da alƙalami. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tunda aka fara rubutawa, a watan Afrilunta Kayes ta Mali ta ga digiri 48.5, mu ma nan mun ji a jikinmu, ina tuna ɗalibaina ƴan aji uku ƙarƙashin rufin kwano ƙarfe sha biyu na rana, wata yarinya ta kifa kai a tebur hanci na zubar da jini, dole na sallami ajin. Ɗan Nijar kabon da yake fitarwa a shekara wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ne, Ba'amurke ya haura tan 10, amma mu ne ke cikin tukunyar.

Akwai wani abu da ke ci min rai har yanzu. Bayan farin 1973 da na 1984, wanda iyayenmu ke kira El Buhari, an daɗe ana cewa laifinmu ne, wai dabbobinmu sun cinye ciyawa mun sare itace shi ya kori ruwa. Daga baya bincike ya nuna babban dalilin yana cikin teku, yadda zafin ruwan Atlantika da na tekun Indiya ya sauya, har da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da ya sanyaya arewacin Atlantika ya tura damana kudu. Kakana ya rasa garkenshi kaf a 84, ya rasu yana ganin kamar shi ya yi sakaci, babu wanda ya zo ya wanke shi.

Yanzu kuma ruwan ya dawo amma ba irin na da ba. Wani bincike da aka buga a 2017, da aka duba hotunan tauraron ɗan adam tun 1982, ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, Sahara kuma tana ƙara zafi, sai hadari ya haɗu ya juye a dare ɗaya abin da da yake rabawa cikin makonni. Kowa ya ga 2020 da kogin Isa ya ci unguwanni a Yamai, ya ga 2024 da aka rasa mutane sama da 300, tsohon masallacin Zinder ya rushe, har aka ɗage komawa lekol zuwa ƙarshen Oktoba. A garinmu a dare ɗaya ƙorama ta yanke gonar kawun nan nawa gida biyu, da safe muka tarar da hatsi kwance cikin yashi tushenshi a sama, alhali a wannan damanar ce ya yi shipka sau biyu don ruwan fari ya yaudare shi ya ɗauke kwana da kwanaki. Game da gaba, lissafin masana duk ya haɗu a kan zafi zai ƙaru, a kan ruwa kuma yawancinsu suna nuna tsakiyar Sahel inda muke zai iya samun ƙari, yammaci wajen Senegal ya ragu, amma ƙarin nan da ƙarfi zai riƙa zuwa da tazara tsakani. Wannan magana ce da mai gona da mai gina gada da magini duk ya kamata su sani.

Kuma ilimin nan ba nesa yake ba ranka ya daɗe. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, ACMAD ma tana Yamai, dukansu cibiyoyin binciken yanayi ne, ga ma'aikatar meteyo mai hasashen yanayi, kowace shekara kafin damana ana fitar da hasashen yadda za ta kasance. Ni nakan karanta shi da Faransanci a wayata, kawuna kuma yana duban tsuntsaye da tohon itace kamar yadda ubanshi ya koya mishi, ban raina wannan ba ko kaɗan, amma alamomin da ya gada na tsohon yanayi ne. Roƙona a sa hasashen nan ya riƙa fita da Hausa da Tamajak da Fulatanci a rediyoyin karkara, da bakin mutanen da manomi ya yarda da su, sarkin noma da liman da malamin gona, a ce mishi bana a jira kada a yi gaggawar shipka, ko bana a nemi iri mai saurin nuna, ko masu gona bakin ƙorama su yi hattara. A kuma daina ba da fili a hanyar ruwa, gadojin da za a gina a auna su da ruwan yanzu ba na 1980 ba.

Mutanen Ader ba masu jiran a yi musu ba ne. Tun 1984 aikin Keita ya nuna abin da mata suka yi da duwatsu a kai suna tare zaizayar ƙasa, a kwarin Majiya layukan bedi sun tare iska tun shekarun 1970, manoman Illela da Badagishiri sun raya fako da tassa da rabin wata har baƙi suna zuwa koyo. Wanda ya yi wannan da hannunshi, in ka ba shi labarin gaskiya kan lokaci ya san abin da zai yi da shi.

Abu na ƙarshe shi ne ma'aunin ruwa. Na kafa ɗaya a farfajiyar lekol ɗinmu, ɗalibai ne ke dubawa kowace safiya su rubuta milimita nawa a wani kaye, da hutu mai gadi ke riƙe mana. Bashi da tsada, kuma da kowace lekol da kowane gidan magajin gari a jihar nan suna da nasu ana tura lambobin ta waya zuwa meteyo, da masu hasashe sun san ruwan Bouza dabam da na Konni, na Abalak dabam da na Madawa. A haɗa da zama da tsofaffin da suka ga 73 da 84 a naɗi maganarsu tun suna raye, wace rijiya ta ƙafe, wane itace ya ɓace. Ni da ƴan'uwana malamai a shirye muke mu koya ma yara aunawa ba tare da an biya mu ko dala ba, kayenmu na nan cike da ruwan damana uku, duk ranar da aka ce in kawo shi ofis zan kawo.

Na gode, a huta lafiya.

Wani malamin koleji, Tahoua