A Daina Yi Wa Gambarar Zamani Kuɗin Goro

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in ce wani abu kan maganar da nake yawan ji a majalisu, wai waƙar hip hop, wato gambarar zamani, ba ta kawo mana komai ba sai lalacewar yara. Sana'ata caji da tura waƙoƙi a waya a Wunti, don haka na san abin da samarinmu ke saurare. Akwai batsa a ciki, akwai tallar ƙwaya da bindiga, kuma irin waɗannan ba na tura wa yaro ko nawa zai biya. Amma a yi adalci.

A watan Yuli na 1982 kamfanin Sugar Hill ya fitar da waƙar "The Message" ta ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five, 'yan unguwar Bronx a birnin New York. A lokacin gambara akasari kiɗan biki ce, ta kirari da sa mutane rawa. Wannan kuwa sama da minti 7 take yi tana bayanin rayuwar talaka baƙar fata: fasassun kwalabe a titi, ɓeraye da kyankyasai a ɗaki, bashi ya yi katutu, 'yan ƙwaya a lungu. Baitin ƙarshe ya bi yaron da aka haifa a wannan unguwa, ya taso yana sha'awar 'yan daba masu kuɗi, ya bar makaranta, ya shiga fashi, ya ƙare gawa a kurkuku. Wallahi duk wanda ya ga yadda Sara-Suka ta ci yaran Bauchi, ko Kalare a Gombe, ya san wannan yaron. Wasu sun zauna a bencin shagona suna jiran wayarsu ta cika.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancin 'yan ƙungiyar ba su so waƙar ba da farko, suna ganin babu mai zuwa wajen rawa don a tuna masa da talaucinsa. Melle Mel kaɗai ya rera a cikinsu, tare da Ed Fletcher, makaɗin kamfanin wanda ya tsara akasarinta. Mai kamfanin, Sylvia Robinson, ita ta dage sai an fitar. Da ta fito ta kai ta 4 a jerin mujallar Billboard ta Amurka na waƙoƙin baƙaƙen fata, ta kai ta 8 a Ingila. Babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya sa ta cikin faya-fayan tarihi da ya zaɓa na 2002, ita ce gambara ta farko da ta samu haka. A 2007 kuma ƙungiyar ta zama ta farko a 'yan gambara da aka shigar Rock and Roll Hall of Fame, wato zauren karrama fitattun mawaƙa na Amurka.

Mu ba baƙi ba ne a wannan hanya. Marigayi Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, har yau ana jinta.

Yaran da ke kawo mini waƙoƙinsu daga ƙananan situdiyo na Yelwa da Gwallameji suna da murya, suna da iya sarrafa Hausa, amma sarƙa da mota da 'yan mata suke kwaikwayo, abin da ba su da shi. Ga mai keke napep da kuɗin mai ya cinye cinikinsa, ga ɗan dako a kasuwar Muda Lawal, ga mai digiri yana sayar da kati, babu mai waƙe su. Wanda ya gwada kuma ba ya samun mai sa masa a rediyo.

Ina kira ga masu gabatar da shirye-shiryen matasa a gidajen rediyonmu su ware ko da rabin awa ne a mako don irin waɗannan waƙoƙi, su kuma fassara wa masu sauraro wannan ta 1982. Ku ma, Edita, ku ba yaran nan shafi su yi bayanin abin da suke rerawa kafin a yanke musu hukunci.

Naku,
Mai shagon caji da tura waƙoƙi,
Wunti, Bauchi.