Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Tukuicin Ma'aikatan Jirgin Ruwa

Ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan gida. Saƙonka ya iso, na ga kai da matarka kun yanke shawarar yin hutun bana a jirgin ruwan shaƙatawa irin wanda ba ya ɗaukar yara, na tsawon dare 7 a Bahar Rum. Allah ya kai ku lafiya. Ka lissafa mini kuɗin tikiti da na jirgin sama da na biza, amma ban ga inda ka ware na tukuicin ma'aikata ba, wannan ne ya sa na rubuto maka tun kafin ka biya komai.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, a waɗannan jirage tukuici ba alherin ganin dama ba ne kamar wanda kake yi wa yaron da ya wanke maka mota. Wani ɓangare ne na kuɗin tafiyar, sai dai wasu kamfanoni suna cire shi daga farashin da suke tallatawa domin tikitinsu ya yi kama da mai araha. Yawancin manyan kamfanonin Amurka suna ɗora wa kowane fasinja tsakanin dala 16 da dala 20 a kowane dare, kuma ba sa jiran ka miƙa da hannunka, kullum safiya za ka tarar an rubuta shi a asusun ɗakinku. Ku biyu ne, dare 7 ne, saboda haka idan dala 20 ce, dala 280 ke nan ta hau kanka tun ba ka sha ko kofin shayi na saye ba. Wanda bai shirya mata ba, ranar sauka ne zai ga takardar lissafi ransa ya ɓaci.

Kamfanonin da suke ɗaukar manya zalla ba tsarinsu ɗaya ba, don haka kada ka kwatanta farashin tikiti da tikiti kawai. P&O na Ingila, wanda jiragensa biyu, Aurora da Arcadia, aka san su da ɗaukar manya, ya daina karɓar tukuici daban tun shekarar 2019, kuma da fam ake ciniki a cikinsu, abin da zai sauƙaƙa maka tunda da fam ake biyan ka albashi. Saga ma haka ya haɗa komai a tikiti, amma sai wanda ya kai shekara 50 yake yanka tikitinsa, da sauranku. Viking yana ɗaukar ɗan shekara 18 zuwa sama, yana kuma ƙara nasa kuɗin hidimar kullum a asusun waɗanda suka yanki tikiti daga Amurka. Virgin Voyages, wanda wasu jiragensa ke tashi daga birnin Basalona na ƙasar Sifen, ya yi suna da cewa tukuici na cikin tikiti, amma a ƙarshen 2025 ya ware shi daban, dala 20 ga kowane mutum a kowane dare idan an biya kafin a shiga, ya ɗan fi haka idan an bari sai a cikin jirgi. Wannan ya isa ya nuna maka cewa labarin abokin da ya je shekaru uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne. Ka buɗe takardar sharuɗɗan tikitinka ka karanta da idonka, idan kuma akwai damar biya tun yanzu, ka biya ka huta, domin ko sun ƙara farashi daga baya ba zai shafe ka ba.

Za ka ji wasu fasinjoji suna ba juna shawara cewa a je teburin kula da baƙi a ce a cire kuɗin, kuma gaskiya ne kamfanoni da yawa suna yarda a rage ko a cire. Ban yarda ka yi haka ba. Ma'aikatan nan galibinsu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna shafe watanni shida zuwa tara a kan ruwa ba su ga iyalinsu ba, suna aiki kullum babu ranar hutu, kuma a jiragen da ke bin wannan tsari tukuicin nan babban kaso ne na abin da suke aikawa gida. Ba mai gyaran ɗakinku da mai kawo muku abinci kaɗai ake rabawa ba, har da waɗanda ba za ka taɓa sa su a ido ba, irin masu wanke kwanuka da masu wankin zannuwan gado a can ƙasan jirgi. Wanda ya cire kuɗin da sunan zai miƙa wa ma'aikacin da ya burge shi hannu da hannu, ya hana waɗancan haƙƙinsu ke nan. Ka san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ni kaina tsarin bai kwanta mini ba, domin kamfani ne ya kamata ya biya ma'aikacinsa cikakken albashi, amma ba a kan mai wanke kwano za ka huce wannan fushin ba. Idan lissafi ya nuna aljihunka ba zai ɗauki tikiti da tukuici tare ba, ka nemi tafiya mai gajerun kwanaki ko ɗaki mai rangwame, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗaya gefen kuma shi ne biya sau biyu, wanda kunya da son a san mutum suke jawowa. A jirage da yawa, duk abin sha na saye da aikin wurin tausa da gyaran gashi ana ƙara musu kashi 18 zuwa 20 cikin 100 kai tsaye. Kada ka ce tunda ba ku shan giya abin bai shafe ku ba, domin kofi na musamman da ruwan 'ya'yan itace da aka matse ma suna ciki. Za a kawo maka rasit a ɗan faranti tare da biro: kofi dala 5, a ƙarƙashinsa an rubuta kuɗin hidima dala 1, sannan a can ƙasa ga wani layi babu komai a kansa, an bar shi don ƙarin tukuici, ma'aikacin kuma yana tsaye a gefenka yana murmushi. Idan ka ga an riga an ƙara, ka ja layi a wurin ka sa hannu, babu wanda zai ga rowarka. Ka faɗa wa matarka wannan musamman, domin a wurin gyaran jiki ne kuɗin yake da nauyi, aikin dala 150 sai ya koma dala 180.

Bayan waɗannan, ka ware ɗan kuɗi a hannu a cikin ambulan, ƙananan takardu, ka ajiye a akwatin ƙarfen da ke ɗakinku. Shawarata kada ya wuce dala 60 zuwa 80 na cikin jirgi. Wannan na wanda ya yi muku abin da ya wuce aikinsa ne, misali shugaban masu kawo abinci da zai riƙa zuwa teburinku kowane dare yana nuna muku abin da babu naman alade ko giya a cikinsa, ko mai gyaran ɗakin da ya lura da lokutan sallarku ya daina ƙwanƙwasa ƙofa a lokacin. Ka miƙa masa a daren ƙarshe, a keɓe, ba a gaban abokan aikinsa ba. Ka kuma rubuta sunansa a takardar jin ra'ayin fasinjoji da kamfani zai aiko maka, domin ana duba ta wajen ƙarin girma.

Tukuicin da za ka bayar idan kun sauka tudu yawon gari kuma daban yake, yuro ne. Ɗan jagoran da zai zaga da ku gari da direban bas ba ma'aikatan jirgi ba ne, ba su da rabo a abin da ka biya, yuro 5 zuwa 10 daga kowannenku ya wadatar ga ɗan jagora, direba kuma ƙasa da haka. A gidajen abinci na Faransa kuɗin hidima yana cikin farashi, a Italiya kuma sau da yawa za ka ga an rubuta ɗan kuɗin zama a kan kowane mutum, saboda haka canjin da ya rage ya isa.

Game da katin banki, za su riƙe wani adadi a kansa tun ranar shiga a matsayin jingina, kuma yakan ɗauki kwanaki bayan an sauka kafin banki ya saki. Kada ka ba su katin da kuɗin hayar gidanka yake ciki. Ka riƙa duba asusun ɗakinku a waya ko a talabijin ɗin ɗaki kowane dare, idan ka ga abin da ba ka gane ba ka je ka yi magana tun da wuri, domin a daren ƙarshe layin teburin nan yakan yi tsawo ƙwarai.

Idan ka gama zaɓen kamfani, ka turo mini sabon lissafin in duba. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ku, a gaida mini 'yata da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya tsare hanya.

Wassalam,
Mahaifinka