Waya ba ta amsa wa jariri gwarancinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye mata, har da mazan da ke saya musu data.

Makon jiya na je gidan suna a unguwarmu. A tsakar gida na ƙirga jarirai huɗu, babu wanda ya kai shekara biyu, kowanne an jingine masa waya a gabansa, waƙar ABC da ƙirgen Turanci na ta tashi. Da na tanka, wata yarinya ta ce, "Ai Mama, na karatu ne, so muke ya buɗe baki da Turanci." Ban ga laifinta ba. Alheri take nufi, ga aiki ya sha mata kai. Amma ni da na shekara 30 ina koyar da 'yan aji ɗaya, abin ya tsaya mini a rai.

An riga an gwada ko jariri na iya koyon harshe daga allo. A 2003, Farfesa Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta tara jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kawai ake yi a gidajensu. Wasu aka zaunar da su da masu jin Sinanci, suna yi musu wasa da karatun littafi, har zama 12. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan dai a allo, suna faɗin abu ɗaya. Na farkon suka iya bambance sautukan Sinanci. 'Yan kallon allo kuwa, sai ka ce ba su taɓa jin harshen ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wadda ta yi goyo. Jariri ya ce "ba-ba", uwa ta dube shi ta ce, "Baba kake kira? Ga Baba can!" Ya bi idonta, ya ga mutumin, ya sake gwadawa, ta sake amsawa. A irin wannan musayar kunnensa ke raba "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari", tun bai cika shekara ba. Bidiyo kuwa surutunsa kawai yake yi, ko yaro ya yi gwaranci ko ya yi kuka. Kuma duk sa'ar da ya shafe a gaban waya, an rage masa ita ne daga hirar kakarsa da yayyensa.

Ko kamfanin Disney, a 2009 sai da ya amince ya mayar wa iyaye kuɗin faya-fayan Baby Einstein da suka saya, wato bidiyon da aka tallata a matsayin na koyar da jarirai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ajiye yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini. Kiran bidiyo da uban da ya tafi ci-rani daban ne, domin can akwai mai amsawa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta ware shi a 2016.

Edita, don Allah ku gayyato likitan yara ya yi mana bayani a filinku. Ina kuma roƙon ma'aikatan jinya su riƙa faɗa wa iyaye wannan ranar riga-kafi, lokacin da muke zaune a layi da jarirai a cinya.

Wassalam,
Wata kaka, tsohuwar malamar firamare, Zariya