Sanarwa kan hirar fim ta ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Hirarmu ta wannan satin ranar Asabar ce in sha Allah, ƙarfe 9 na dare, a nan cikin guruf. Za mu fara da shirye-shirye masu dogon zango na Arewa24 da YouTube, don ni dai wallahi na fara gajiya da yadda ake jan labarin kishiya har mutum ya manta inda aka faro, ina so in ji ko ni kaɗai ne.

Daga nan sai Rafiki, fim ɗin Kenya na 2018 da wasunku suka nema, labarin soyayyar ƴan mata biyu a Nairobi da iyayensu maza ke takarar kujera ɗaya. Hukumar tace fina-finan Kenya ta hana nuna shi, sai kotu ta ɗage hanin na kwana 7. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda tsegumin unguwa ke bin yaran nan duk inda suka sa ƙafa, mai kiyos ma ido ta zuba musu.

Na san ra'ayinmu ya bambanta sosai a kan wannan, wanda bai son kallo ba dole. Amma don Allah banda zagi, banda jifan wani da suna, kuma kar wanda ya ɗauki hoton hirar ya kai waje, irin wannan yana iya jefa mutum cikin hatsari. Wanda ya karya za mu cire shi.

Wanda ya riga ya kalla ya riƙe ƙarshen a bakinsa sai Asabar.

Na gode, Allah ya bar zumunci.