Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu game da sauyin da ake gani a kayan haɗa ruwan sheƙi

Zuwa ga maginan tukwane da masu sana'ar tangaran da ke sayen kaya a wurinmu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne game da ƙorafin da ya yawaita a 'yan watannin nan, cewa ruwan sheƙin (wato ruwan da ake tsoma tangaran a ciki don ya fito da sheƙi bayan gashi) da wasunku suka daɗe suna haɗawa da awo ɗaya ya fara fitowa daga tanderu da wata kama dabam. Na wani ya malalo har ya manne gindin kwano da inda aka ɗora shi, na wani ya dushe, na wani kuma ya fito lafiya lau, sai bayan kwana biyu aka ga ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo. Ƙorafin gaskiya ne, kuma galibi daga kayan matsalar take, ba daga hannunku ba.

Abin da ke cikin buhu dutse ne da aka haƙo aka niƙa, kuma sunan da aka buga a jikinsa yana nuna nau'in dutsen ne kawai. Ɗauki felsfa, wanda shi ne ƙashin bayan yawancin haɗin da ake gasawa da wuta mai ƙarfi. Tsantsarsa mai fotashiyam, a lissafin masana, tana ɗauke da kusan kashi 17 cikin ɗari na fotashiyam oksayid, amma wadda ake sayarwa a kasuwa ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 12 ba, saura kuwa silika ce da alumina da ɗan sodiyam, kuma wannan rabon yana motsawa yayin da masu haƙa suka matsa daga wani sashe na ramin zuwa wani. Idan sodiyam ya ƙaru, haɗin zai narke da wuri ya yi ruwa-ruwa. Idan silika ta ragu, sheƙin zai tsuke fiye da yumɓun da ke ƙarƙashinsa lokacin hucewa, kuma daga nan tsattsagewa take fitowa. Ko laushin niƙa ma yana da nasa tasirin, domin silikar da ta bi ta rariya mai lamba 325, wadda ta fi ƙananan ƙofofi, tana saurin narkewa fiye da mai lamba 200, alhali a ido duk farin gari ne.

Wani lokacin kuma mahaƙar ce gaba ɗaya ake rufewa. An daina haƙar yumɓun Albany na jihar New York a shekarun 1980, an rufe mahaƙar ma'adinin Gerstley Borate ta Kalifoniya wajen shekarar 2000, sannan felsfar Custer ta Dakota ta Kudu ta bi sahu a 2023. Dubban tsarin haɗi da ke yawo a littattafai da intanet an rubuta su ne da waɗannan sunaye, kuma duk abin da aka kawo a madadinsu kusa yake da su, bai zama su ba.

Ga sinadaran ba da launi abin ya fi fitowa fili, tun da ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na kobalt ya isa ya ba da shuɗi. Wanda ya saba da kobalt oksayid, idan ya koma kan kobalt kabonet, sai ya ƙara kusan rabin awonsa kafin ya sami launi mai ƙarfi irin na da. Ma'adinin rutayil kuwa, da ake so saboda zane-zanen da yake fitarwa, yawan ƙarfen da ke cikinsa bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Saboda haka ba za mu yi muku alkawarin cewa buhun bana zai zama daidai da na bara ba, domin wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu sanar da ku abin da kuka saya. Daga yanzu kowane buhu zai fita da lambar rukuninsa a rubuce, za mu ba duk wanda ya nema takardar binciken sinadaran wannan rukunin, kuma duk lokacin da muka sauya inda muke samo wani kaya za mu faɗa tun kafin ku biya. Da wannan takarda, mai amfani da lissafin sinadaran sheƙi da Bajamushen nan Hermann Seger ya tsara a ƙarni na 19 zai iya gyara haɗinsa a kan takarda kafin ya ɓata ko cokali ɗaya. Wanda bai iya lissafin ba, ya kawo mana tsarin haɗinsa mu yi tare.

Wasu sun tambaye mu ko su koma kan firit kacokan, wato gilashin da aka riga aka narkar a masana'anta aka sake niƙawa. Shawara ce mai kyau ga mai yin kwanuka ɗari masu kama ɗaya, domin firit ba ya cika sauyawa. Amma a ganinmu, mai neman launi mai zurfi da ratsi-ratsi zai yi kewar ɗanyen dutse, kuma gara ya haƙura da wahalar gwaji.

Roƙonmu gare ku shi ne kada ku zuba sabon kaya cikin babban bokiti kai tsaye. Ku auna giram 100, ku tace, ku tsoma ɗan falle na irin yumɓun da kuke aiki da shi, ku gasa shi a tsaye kusa da wani da aka tsoma a tsohon haɗi, domin a tsaye ne ake gane mai malala. Ku sa kon, wato ɗan tsinin gwajin zafi mai lamba, a gefensu, saboda kon 6 yana lanƙwasawa ne a wajen digiri 1220, kuma tanderun da ya wuce haka kaɗan yakan sa a zargi felsfa a banza. Idan za ku gyara, ku sauya abu ɗaya a kowane gwaji, ku rubuta lambar rukunin a bayan fallen. Kwanon da sheƙinsa ya tsattsage kuwa, kada a sayar da shi don cin abinci, domin datti yana maƙalewa a cikin tsagar.

Mai buƙatar kaya da yawa daga rukuni ɗaya ya sanar da mu da wuri, mu ware masa kafin rukunin ya ƙare.

Naku,
Masu gudanar da kamfani