Amsa ga saurayin da ya tambaye ni kan annobar Masar

Ɗana,

Ranar Lahadi a taron matasa ka miƙe a gaban jama'a ka ce: tunda annobai goma na Masar hukuncin Allah ne, ashe sanƙarau da kwalara da korona ma ba hukunci ba ne a kan waɗanda suka kama? Lokaci ya ƙure ban amsa ba. A fili ka tambaya, a fili zan amsa.

Na Masar hukunci ne, ba na tantama. Amma buɗe Littafin Fitowa sura 7 zuwa 12 ka ga yadda ya zo. Allah ya faɗi laifin: Fir'auna ya ƙi sakin mutanen da yake bautarwa. Ya aiko Musa da kashedi, wani lokaci har da sa rana, ya ce gobe. Kafin annobar ƙanƙara aka ce kowa ya shigar da bayinsa da dabbobinsa, kuma fadawan Fir'auna da suka ji tsoron maganar suka shigar da nasu, suka tsira. A Goshen, inda Isra'ilawa suke, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba.

To, wane Musa aka aiko kafin sanƙarau na 1996? A shekarar na tsaya bakin kabarin yarinya 'yar shekara huɗu. Uwar tana zaune a ƙasa riƙe da ɗan takalmin yarinyar, wani dattijo ya sunkuya ya ce mata ta binciki zunubinta. Har yau ina jin zafin maganar nan. Wa ya gaya masa?

Almajiran Yesu sun yi irin tambayarka a Yohanna 9, kan wanda aka haifa makaho. Yesu ya ce ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba. A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta danne, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, sai ya juya kan masu sauraro ya ce su tuba. Ka ga, da masu rai yake magana, mu da muke tsaye.

Damina ta kusa, kwalara ba ta sallama. Idan ta shigo unguwa, ka tara mini abokanka, mu ɗauki sabulu da ruwan gishiri da sukari mu bi gida-gida, na Kirista da na Musulmi.

Babanka cikin Ubangiji